In ajiye aikin gwamnati a Jos in koma asibitin kuɗi a Abuja? Don Allah ku ba ni shawara

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, barkanmu da dare. Shawara nake nema wlh kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekarata 7 ina aiki a wani asibitin gwamnatin jiha a nan Jos, RN da RM gare ni, wato lasisin jinya da na ungozoma, ban yi digiri ba ban yi fos besik ba, wato kwas ɗin ƙwarewa a fanni ɗaya. Ƙarin girma sau ɗaya aka taɓa yi min, shi ma a takarda ya tsaya har yau kuɗin bai shiga albashi ba. To wata ƙawata da muka yi makarantar jinya ta Vom tare tana wani asibitin kuɗi a Abuja, ita ta miƙa takarduna, na je intabiyu satin da ya wuce jiya suka kira wai in zo in fara farkon wata. Albashin da suka faɗa ya kusa biyun nawa na yanzu. Matsalar yarana uku, maigida kayan gyaran mota yake sayarwa a Dilimi ba zai bar shagonsa ba, ga mahaifiyata da ciwon suga ni nake duba ta. Shi ya ce duk abin da na zaɓa ya amince. Ni ba kuɗin kawai ba ne, ji nake kamar na tsaya waje ɗaya, abin da na iya shekara 5 da suka wuce shi na iya yau. In tafi ko in zauna?

Sista_Ladi:
Kar ki saki reshe ki kama ganye ƙanwata. Aikin gwamnati yanzu ko da kuɗinki ba kya samu cikin sauƙi.

Nas_Rikkos:
Wa alaikumus salam. Tambaya ɗaya kafin komai, sun ba ki takardar ɗaukar aiki a rubuce ko a waya kawai aka faɗa miki albashin? Don waya ba hujja ba ce.

Maman_Iman:
@Nas_Rikkos a waya ne, sun ce in na zo zan karɓa.

Ummu_Sudais:
Ni a Abuja nake shekara 4 ke nan kuma a asibitin kuɗi, bari in faɗa miki gaskiya tsakani da Allah. Wannan albashin da kika ji ya yi miki girma a Jos kike auna shi. Nan ba za ki iya kama ɗaki a cikin gari ba, sai dai Mararaba ko Nyanya ko Kubwa ko Lugbe, ni a Mararaba nake kuma in ina dutin safe kafin asuba na fito in ba haka ba go-silo ɗin Nyanya ya cinye ni, sallah ma sau da yawa a asibiti nake yi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya karya mutum. Sannan ki haɗa da zuwa Jos ganin yara, ko sau biyu a wata ne, ta Keffi da Akwanga awa huɗu zuwa biyar kina hanya. Tukunya biyu za ki riƙa ɗorawa fa, ta can da ta nan. Ki zauna da biro da takarda ki cire duk wannan ki ga me ya rage. Amma ba zan ɓoye miki ba na koyi aiki sosai, na'urorin da ban taɓa taɓawa ba a da yanzu ni nake koya wa sababbi.

Dan_Gangare:
Ni fa ban yarda da masu cewa a zauna ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Shekara 7 ƙarin girma ɗaya, shi ma babu kuɗi, me ake jira? A ƙa'ida duk shekara 3 ya kamata a duba ki a matakin da kike. Mu maza da muka bar aikin jiha ba wanda ya dawo yana kuka. Ki tafi Hajiya, Abuja ƙofa ce, daga nan za ki ga wasu ƙofofin.

Sista_Ladi:
@Dan_Gangare kai namiji ne ka ɗauki jaka ka kama hanya, matarka na gida da yara. Ita wa za ta bar wa yara uku da tsohuwa mai suga? Ba ɗaya ba ne don Allah.

Dan_Gangare:
Haka ne Anti, ban musa ba. Amma yaran nan kuɗin makaranta za su nema gobe.

Hajiya_Metiron:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni na kusa cika shekara 35 a aikin nan, saura kaɗan in ajiye, to ku bari in yi magana da ɗan tsawo.

Maman Iman, na karanta rubutunki sau biyu. Abin da ya fi tsaya min shi ne inda kika ce kin tsaya waje ɗaya. 'Yata ba Jos ce ta tsayar da ke ba, takardarki ce. Ko yau aka ɗauke ki aka kai ki National Hospital ko asibitin koyarwa na Gwagwalada da RN da RM kawai, akwai inda za ki kai ki tsaya. A tsarin aikin gwamnati wadda ba ta da digiri iyakarta CNO, wato matakin babbar jami'ar jinya, ba ta hawa mataimakiyar darakta balle darakta. Na ga mata masu hannu, waɗanda in jijiya ta ɓuya su ake nema, in haihuwa ta gardama su ake tasowa, sun zauna a kujera ɗaya shekara da shekaru yaran da suka koya wa ɗaura ruwa suka zo suka wuce su don kawai suna da BNSc, wato digirin jinya. Ni kaina sai da na haura arba'in na koma karatu, ina dutin dare ina karatun jarrabawa, ga jika a gida, wahalar da na sha da na yi tun ina da shekarunki da ba haka ba.

Asibitin kuɗi kuma sai kin tambaya da kyau, don da yawansu babu wani mataki, nas ce ke yau nas ce ke bayan shekara 10, sai dai in mai asibitin ya ga dama ya ƙara miki wani abu. Kuma ba za su ba ki hutun karatu da albashi ba, wannan galibi gwamnati ce ke yi, ki sa hannu kan cewa za ki dawo ki yi musu aiki. Ke da kika yi shekara 7 kin cancanci ki nema. Kin taɓa rubutawa kuwa?

Maman_Iman:
@Hajiya_Metiron Mama na gode Allah ya ƙara girma. Na rubuta sau ɗaya shekara 2 da suka wuce aka ce babu hannu, mu biyu ne a dutin dare a ɗakin mata mai gado sama da 30 wa zai riƙe in na tafi. Tun daga nan jikina ya yi sanyi ban sake ba.

Hajiya_Metiron:
Sau ɗaya ai ba nema ba ne 'yata. Ki sake rubutawa, ki ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. Kuma akwai karatun da ba sai kin bar aiki ba.

Abu_Hanif:
Gaskiyar Mama. NOUN, jami'ar karatu daga gida, na yin BNSc ga masu RN kuma suna da cibiya a nan Jos, ABU Zariya ma suna yi ta karatu daga nesa, matata da shi ta yi tana aikinta. Unijos ma akwai sashen jinya amma wannan zama ne na cikakken lokaci. In fos besik kike so kuma, ido akwai National Eye Centre a Kaduna, ƙwaƙwalwa akwai asibitin Barnawa a Kaduna, ƙashi akwai asibitin Dala a Kano. Sai dai ki sani fos besik hannu yake ƙara miki da daraja a kasuwa, ba ya maye gurbin digiri wajen hawa mataki. Mutane da yawa suna ruɗa biyun.

Nanret_ICU:
Ina gaisuwa duka. Ni zan ce fos besik ya fi saurin biya. Na yi na ICU, ɗakin masu tsananin ciwo, tun da na gama ban taɓa neman aiki ba aiki ne ke nema na, har lokum, wato aikin wucin gadi a wani asibiti, ina yi ranar da nake hutu. Asibitocin kuɗi na Abuja in kin je da RN RM kawai ke ɗaya ce cikin ɗari, gobe za su iya canza ki. In kin je da ICU ko tiyata ko wankin ƙoda ke za ki faɗi kuɗinki. Da ni ce ke zan yi shekara ɗaya in samo wannan tukuna, Abuja ba inda za ta gudu.

Abu_Hanif:
@Nanret_ICU a asibitin kuɗi haka ne, amma in za ta tsufa a gwamnati digiri ne gaba. Ya danganta da inda take son ta ƙare.

Zee_Manchesta:
Ni mamaki nake ana ta Jos Abuja Jos Abuja. Yaya in dai za ki rabu da yaranki ki sha wahalar nisa to ki sha ta inda za ta biya mana. Shekara 7 na aiki kin wuce abin da ake nema. Jarrabawar Turanci ta IELTS ki samu 7, rubutu ko 6.5 ne sun karɓa, ko ki yi OET, ta Turancin ma'aikatan lafiya, sai jarrabawar jinya ta kwamfuta (CBT) a nan gida, ta gwajin aiki (OSCE) kuma sai kin iso Ingila. Za ki fara a Band 5, matakin albashin da nas ke farawa. Kuma bizar nas tana ba ki damar kawo miji da yara, masu aikin kula da tsofaffi ne aka hana tun Maris 2024, kar wani ya ruɗe ki. Abu ɗaya kawai, Najeriya na cikin jerin ƙasashen da aka hana zuwa a ɗebi ma'aikatan lafiyarsu, don haka ke da kanki za ki nemi aikin, duk ejan da ya ce ki kawo miliyoyi zai kai ki ki guje shi.

Ummu_Sudais:
@Zee_Manchesta ki faɗa mata ɗaya gefen ma dai.

Zee_Manchesta:
Zan faɗa. Haya na cin kusan rabin abin da nake samu, ga haraji, ga kuɗin mai rainon yara in ku biyun kuna aiki, ba kaka ba maƙwabciya da za ki ce riƙe min. Dutin awa 12 a tsaye. Babana ya rasu ina nan ban samu jana'iza ba, wannan har yau in na tuna sai na yi kuka. Sanyin ma na Jos wasa ne. Ban yi nadama ba amma ba zan ce wa mai uwa mara lafiya ta rufe ido ta taho ba.

Maman_Iman:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Gsky waje ba ya raina yanzu saboda mahaifiyata.

Sista_Ladi:
Allah ya jiƙansa Zee.

Malam_Riyad:
Allah ya gafarta masa. Tunda an taɓo waje bari in ƙara don masu karantawa. Mu nan Saudiyya hanyar ita ce kamfanin Dataflow su tantance takardunka sannan ka rubuta jarrabawar Prometric. Amma ku ji inda maganar Hajiya Metiron ta biyo mu har nan, mai difloma a matsayin teknishan suke rajistarsa, mai digiri kuma sifeshalis, wato mataki na sama, albashi ba ɗaya ba kuma aikin da muke yi a wod ɗaya ne. Ni da RN na zo, yanzu haka karatun nake daga nan. Kwantiragi ne kuma, in ya ƙare ko su sabunta ko ka haɗa kayanka.

Baba_Terminus:
Ni ba nas ba ne, 'yata ce ta sa ni a gurup ɗin nan. Ina karanta ku gabana na faɗuwa. Wannan Ingila wannan Saudiyya wannan Abuja, to mu talakawan da ba mu da kuɗin asibitin kuɗi wa zai duba mu? Watan jiya na kwana da ɗan'uwana a asibiti nas ɗaya ce tal a ɗakin har gari ya waye, yarinyar ko zama ba ta yi ba. Ku ji tsoron Allah ku tuna da mu.

Dan_Gangare:
Baba da girmanka, ba mu za ka faɗa wa ba. Wannan yarinyar da ka gani ita kaɗai, akwai ɗaruruwan yara da suka gama makaranta da lasisinsu a hannu suna zaune a gida ba a ɗauke su ba. Yajin gargaɗin da ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya NANNM ta shiga ƙarshen Yulin 2025 ai cikin buƙatun har da a ɗauki ma'aikata da gyara alawus na shiftin da na yunifom. A 2024 kuma NMCN, hukumar da ke ba mu lasisi, ta fito da dokar sai ka yi shekara 2 da lasisi kafin a tantance maka takarda zuwa waje, har 'yan uwa suka yi zanga-zanga a ofishinsu na Abuja da Legas. Wato an fi gane a tare ƙofa da a gyara ɗakin. Ba wanda ke son barin garinsu Baba.

Hajiya_Metiron:
Baba maganarka gaskiya ce kuma ta taɓa ni, Dan Gangare ma gaskiya ya faɗa. Ni na zauna, ban yi da-na-sani ba, matan da na karɓi haihuwarsu yau 'ya'yan suna kawo min nasu matan. Amma ba zan ɗora wa yarinya laifi ba don ta nemi inda za ta ciyar da gidanta.

Fati_Borno:
Ba wanda ya yi maganar ƙungiyoyi. Na yi shekara 3 da wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, albashi mai kyau horo kuma kamar me, a nan na koyi kula da yara masu tamowa da rubuta rahoto. Na ajiye aikin jiha na tafi kowa na min murna. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji USAID farkon 2025 wasiƙa ɗaya aka turo mana a imel shi ke nan. Wata 8 ina gida. Na koma neman aikin da na bari an ce babu gurbi. Yanzu a wani ƙaramin kilinik nake a Bukuru. Ban ce kar ki tafi ba Yaya, na dai ce in akwai hanyar da za ki tafi ba tare da kin rufe ƙofar baya ba ki bi ta. Ki tambaya ko za su ba ki hutu ba albashi.

Nas_Rikkos:
To mu dawo kan tambayarta don zancen ya yi nisa. Maman Iman har yanzu ina kan bakana, kar ki rubuta takardar ajiye aiki sai kin riƙe tasu a hannu. Ki sa su turo miki ta WhatsApp ko imel ki duba: wata nawa ne gwaji kuma nawa za su biya a lokacin, duti nawa a sati kuma awa nawa, akwai kuɗin dare ko duk an cusa cikin albashin, hutun shekara da na haihuwa, sannan fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce duk wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama dole ya zuba kashi 10 ke ki zuba kashi 8. In suka fara kame-kame a kan wannan kin san irin wurin. Kuma albashin da suka faɗa kafin cire-cire ne ko wanda zai shigo asusunki? Na taɓa faɗawa wannan ramin, abin da aka faɗa min a baki daban abin da na gani ƙarshen wata daban, ba ni da takardar da zan nuna.

Ummu_Sudais:
Ƙari a kan na Nas Rikkos, ki tambayi ƙawar taki nas nawa suka bar wurin cikin shekarar nan. In ana yawan fita akwai dalili. Kuma ki duba lasisinki kar ya zama ya kusa cika shekara 3 ba ki yi MCPDP ba, wato horon da ake yi kafin sabunta lasisi, nan ba sa wasa da shi.

Abu_Hanif:
Wani abin kuma, in aikin tarayya ne burinki ki riƙa sa ido kan JUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, tunda ga shi a Lamingo kusa da gida. In aka dace za ki iya neman a mayar da shekarunki na jiha can maimakon ki fara daga farko, ga tsarin albashin CONHESS na tarayya, ga yara a gabanki. Amma in kin riga kin ajiye kin tafi asibitin kuɗi wannan shekara 7 ɗin sai dai a lissafa miki a matsayin gogewa kawai.

Dan_Gangare:
@Abu_Hanif sa ido har yaushe? Ni shekara 4 na yi ina sa ido a wurare daban-daban. Kuna ta ba ta shawarar jira, jiran ne ya kawo ta shekara 7.

Sista_Ladi:
Kai dai Dan Gangare so kake kowa ya bi ka Abuja.

Dan_Gangare:
A'a Anti, so nake ta motsa. Ko NOUN ɗin ne ta sayi fom gobe, ni na yarda. Zaman ne ba na so.

Nanret_ICU:
A nan kam na bi bayanka.

Maman_Iman:
Salam, ku yi haƙuri jiya ina dutin dare ban leƙo ba. Na kira su na ce a turo min takardar kamar yadda Nas Rikkos ya ce, sun turo da yamma. Gwaji wata 6 ne kuma a lokacin kashi 70 na albashin za su biya, dutin awa 12 sau huɗu a sati, kuɗin dare yana ciki, ba a ambaci fansho ba ko kaɗan. Ƙawata ta ce bayan gwajin suna yi amma ba ta tabbata ko kowa ba. Na yi lissafin Ummu Sudais da maigida, a wata shidan farko kusan ba abin da zai rage, bayan nan akwai ɗan bambanci. Amma wlh da na tuna ɗakin tiyatarsu da na gani ranar intabiyu sai raina ya sake biyawa, ina son in iya irin wannan aikin. Na roƙe su su ƙara min sati biyu sun ce za su duba. Na kuma sake rubuta takardar hutun karatu yau da safe na kai ofis an buga min hatimi a kwafina Mama.

Hajiya_Metiron:
Madalla 'yata. Ki bi ta da ƙafa kar ki bari ta kwana a tebur ɗaya.

Nas_Rikkos:
Ki rubuta musu ki tambayi fanshon a rubuce, ki ga amsar da za su bayar.

Zee_Manchesta:
In tiyata ce ta burge ki to fos besik ɗin tiyata za ki nema ai Yaya, ko nan ana rububinsu.

Ummu_Sudais:
In kuma kin yanke zuwa ki min magana ta inbos, akwai wata 'yar Jos a layinmu da ke neman wadda za su raba haya.

Hauwa_Sabuwa:
Don Allah ni ma in shigo, bana na gama babbar difloma (HND) a jinya ban ma samu aikin ba tukuna. Wannan maganar ta CNO da Mama ta yi, mu ma ta shafe mu ko masu RN na da ne kawai?